Ranar da Na Kawo Hamada Kafanchan

Ko da tsufa zai cinye mini ƙwaƙwalwa har in kasa gane matata, ba zan taɓa mantawa da ranar da na kawo hamada garin Kafanchan ba. Ba da baki nake nufi ba. Hamada sosai, da yashinta, da ƙayarta, har da raƙuminta. Garin da in ka yar da sanda a ƙasa da damina sai ka dawo ka tarar ta yi ganye, shi na ce zan mayar Sahara. Kuma da hankalina, ban sha komai ba (a wannan karon dai).

Bari in fara da gidan. Marigayi babanmu direban jirgin ƙasa ne. Da ya yi ritaya ya sayi gidan daga hannun wani kamfanin sayen citta da ya daɗe da mutuwa. An ce wani Bature ne ya zana shi don manajansu, dab da samun 'yancin kai. Gida ne dogo a kwance, gajere a tsaye, kamar wanda wani ƙato ya zauna a kansa. Rufinsa ya kusa zama shimfiɗe, ya kuma zarce bango sosai kamar malafa. A gaba akwai baranda mai siraran ginshiƙan ƙarfe, a gefenta kuma bango guda sukutum na bulo mai ramuka, ramuka zalla kamar rariya. Daɓen falo tarazo ne, simintin nan mai tsakuwa-tsakuwa da aka goge har yana sheƙi. Tagogin duk luba ne, faifan gilashi a jere, ka ja ƙarfe su buɗe. Sai wata ƙatuwar kwata ta siminti da ta zagaye gidan kaf, zurfinta ya kai gwiwa.

Ni dai ban taɓa ganin kyansa ba. Muna yara ana tsokanar mu wai a disfensari muke kwana. Da muka girma kowa ya kama gabansa. Yaya Ladi, babbarmu, ta auri ɗan kwangila tana Kaduna. Ƙannena suna Abuja suna sa kwat. Ni da aka koro daga aji uku na sakandare (ba zan faɗi dalili ba, malamin ma ya mutu) ni aka bari da gidan, da matata Saratu, da yoyo. Na yi kanikanci, na yi kwandasta, na yi gadi, na zuba ɗan abin da nake da shi a citta shekarar da ta faɗi warwas. In an yi taron dangi ni ke jera kujeru. In za a yanke shawara kuma sai a aike ni sayo lemo.

A irin wannan taron ne, bayan Kirsimeti, na dawo da kiret a kai na tarar an gama.

Yaya Ladi ta ce, “Ajiye ka zauna. Akwai wani mutum yana son filin nan. Zai rushe ya yi shaguna.”

Na ce, “Ni kuma fa, Yaya?”

“Za a ba ka rabonka ka kama haya.”

“Gidan Baba ne fa.”

“Bulo ne da siminti. Ba kai ne kullum kake zagin sa ba?”

Gaskiya ne ina zagin sa. Amma zagin gida daban, ka koma ɗakin haya da furfurarka kana bin layin bayi da 'yan makaranta daban. Rabon da ake magana kuwa, in aka raba shi gida-gida, nawa ba zai sayi ko kejin kaji ba. Na san haka, su ma sun sani.

Ana nan, cikin zafin watan Maris, sai ga Rifkatu, 'yar Yaya Ladi. Ita ce ta karanta zanen gidaje a jami'a, tana aiki a Abuja. Ta yi shekaru ba ta taka gidan ba. Ko ruwa ba ta sha ba ta fara zagaye kamar wadda ta yar da ɗan kunne. Ta durƙusa tana shafa tarazo. Ta zura hannu cikin ramukan bulo. Ta buɗe luba, ta rufe, ta sake buɗewa.

“Kawu, ka san abin da kake zaune a ciki kuwa?”

Na ce, “Na sani. Talauci.”

Ta yi dariya ta ciro waya. Ta nuna mini wasu gidaje a wata hamada can Amurka. Na rantse da na ga na farko sai da na waiga na dubi namu. Rufin nan mai kama da malafa, siraran ƙarafan nan, har bangon rariya. Kamar uwa ɗaya ta haife su.

“Sa'annin wannan ne, Kawu. An yi watsi da su har an fara rushe wasu, sai mutane suka farga, suka gyara su yadda suke tun farko. Yanzu daga ƙasashe ake zuwa kallon su, a biya kuɗi a kwana.”

“A biya kuɗi a kwana a disfensari?”

“Har layi ake yi.”

Ta ce ogarta, wata Madam Hannatu, aikinta ke nan a nan ƙasar. Tana neman irin waɗannan tsofaffin gidaje, ta karɓi hayarsu ta shekaru, ta gyara, ta mai da su masauki. In ta karɓi namu babu rushewa, kuma dole a bar mai kula da gida a ɗakunan baya. Rifkatu ta roƙi uwarta, Yaya Ladi kuma ta yarda za ta jira Madam ta gani. In Madam ta ce a'a, mai shaguna ya kawo katafilarsa.

“Asabar ta sama za mu zo. Ka dai yi shara, ka goge tagogi.”

Sannan ta tura mini hotunan a wayata. A nan yarinyar ta yi kuskure, kuma har gobe ina cewa tana da kaso a abin da ya faru.

Na zauna a baranda na ƙura wa hotunan nan ido. Na dubi nasu, na dubi namu. Gida iri ɗaya. To me ya sa can ake layi, nan kuma ko ɓarawo ba ya leƙowa? Ina ta juya abin a raina har na gano. Bambancin yana waje! Su can ƙofar gidansu yashi ne fes, da duwatsu, da wasu itatuwa masu ƙaya a tsaye kamar mutumin da ɗan sanda ya ce ya ɗaga hannu. Ko ganye ɗaya babu. Mu kuwa ƙofar gidanmu lambun Saratu ne: gwaza, ugu, yakuwa, ayaba, ga kabewa ta bi ko'ina. Daji kawai. Ashe ba gidan ake biya wa kuɗi ba, hamadar ake biya wa. Yarinya da digirinta ba ta gane ba, ni ɗan aji uku na gane.

Ban taɓa jin na yi wayo irin na ranar ba. Na tashi ina taka rawa ni kaɗai a baranda. Na ce yau dangin nan za su san wanda suke aike sayo lemo.

Na nufi wurin Tanimu, abokina tun muna yawo ba wando. Gidansu na bakin kasuwa, kakanninsa 'yan koli ne, shi kuma tifa yake da ita.

“Yashi nake so, mai yawa.”

“A'a, Baban Joy, arziki ya zo? Gini za ka yi?”

“Shimfiɗawa zan yi.”

“Shimfiɗawa. Kamar tabarma?”

“Tanimu, kai tifa ka sani, ba ka san duniya ba.”

“To, na ji. Wane iri?”

“Na Sahara.”

“Na rafi nake da shi. In na juye maka sai ka raɗa masa sunan da ka ga dama.”

Na yi sa'a (haka na ɗauka) Saratu ta tafi taron zumuntar mata a Kagarko. Tana fita na ɗauki adda. Kafin rana ta yi tsaka na kwantar da lambun nan duka. Tanimu ya yi ta sawu yana juyewa, ni kuma ina bajewa da shebur, ina waƙar coci da ƙarfi kamar ranar girbi. Maƙwabta suka fara leƙe ta katanga. Duk wanda ya tambaya sai in ce, “Za ku gani.”

Kwatar ce ta tsaya mini a rai. Na duba hotunan nan kaf, babu gida ɗaya mai kwata. Ga tamu baƙa ƙirin ta ratsa tsakiyar hamadata kamar tabo. Na cika ta da yashi, na daddale, na share sama har ba ka ce an taɓa yin ta ba.

Itatuwan ƙaya kuwa ba su ba ni wuya ba. Ai muna da kyarana, wadda mutanen gindin dutse suke shinge da ita. Na hau acaɓa zuwa Kagoro, na roƙi wani tsoho ya bar ni in sara daga shingensa. Ya ce in yi hankali da nononta, in ya taɓa fata sai ka kira sunan uwarka. Na ce na sani. Muka dawo da dami, ɗan acaɓa yana tsine mini tun daga can har gida. Na kakkafa su cikin yashi ba saiwa ba komai, na ɗebo duwatsu na jera.

Ina cikin gyara tsayuwar wata kyarana sai na ji an yar da jaka a bakin get. Saratu ce, da kayan zumuntarta a jiki.

“Baban Joy. Ina gwazana?”

“Sannu da hanya.”

“Ina uguna? Ina ayaba? Wane ne ya yi mana wannan? Ka kira 'yan sanda?”

“Saratu, ki kwantar da hankali. Wannan ilimi ne.”

“Ilimi ne ya cinye mini miya?”

Na nuna mata hotunan, na yi mata bayani dalla-dalla. Ta dube ni, ta dubi wayar, ta taka zuwa inda kwata take a da, ta buga ƙafa.

“Ruwa fa? In ya zo ta ina zai bi?”

“Ruwa bai yi kusa ba. Suna tafiya zan tone.”

Ta juya mini baya. Ta shiga ciki ta ɗauko kujera ta kafa a gindin mangwaron da ya rage a tsakar gida, wanda na yi niyyar sarewa da safe. Ta ce in zan sare shi in haɗa da ita. Haka mangwaro ya tsira. Na ce ba komai, ai ko a hamada akan samu zango.

Yanzu sai maganar raƙumi. Na yarda, babu raƙumi a hotunan. Amma ni a tunanina rashi ne ya hana su, ba ƙi ba. Ina Amurka za ta samu raƙumi? In muka sa namu mun wuce su ke nan. Kuma kamar an shirya, a makon akwai wani Buzu a gari yana zagaya kasuwa da raƙuminsa, yana sayar da kanwa da magunguna, yara suna bin sa. Na same shi muka daidaita a kan hayar raƙumin ranar Asabar. Da ya ga ina ta kallon rawaninsa, baƙi-shuɗi yana ƙyalli kamar bayan ƙwaro, sai ya ce yana da wani a jaka, sabo dal, zai ara mini.

Ranar Asabar da hantsi ya zo ya naɗa mini shi da kansa, ya rufe mini har hanci, ido kawai a waje. Na sa farin kaftanin da na ɗinka na bikin 'yata Joy. Saratu ta fito ta gan ni, ta dafa ginshiƙi.

“Kai da ko hula ba ka sawa sai an yi faɗa. Allah, ka ga abin da na aura.”

Buzu ya so ya ɗaure raƙumin a mangwaro. Na ce ina! A gaban bangon rariya za a ɗaure shi, don in Madam ta ɗauki hoto su fito tare. Da hannuna na zura igiya ta ramin bulo na ƙulle. Ya ce, “Ba ya son ƙara fa.” Na ce gidan nan ko rediyo ba mu kunnawa. Ya sa raƙumi ya durƙusa, ya ce zai je kasuwa ya yi sallah ya dawo.

Kafin baƙi su iso katanga ta cika. Matan zumunta, 'yan acaɓa, masu tallan gyaɗa, har Tanimu ya ajiye tifa ya samu wuri ya zauna. Ni kuwa ina tsaye a tsakiyar yashi, gumi yana bin bayana, zuciyata fari tas.

Wata baƙar mota ta tsaya. Rifkatu ce ta fara fitowa. Ta yi taku biyu ta tsaya cak, jakarta ta zame daga kafaɗa. Sai Yaya Ladi cikin farin leshi da ɗaurin kai kamar tauraron ɗan adam. Sai wata 'yar ƙaramar mace mai furfura, da tabarau da takalmin kambas. Madam Hannatu ke nan.

Na buɗe hannuwa kamar yadda na yi ta gwadawa a gaban madubi, na ɗaga murya:

“Barkan ku da zuwa hamadar Kafanchan!”

Raƙumi ya yi wata gyatsa mai wari. Ban da ita ba ka jin komai.

Yaya Ladi ta ce, “Yesu! Wane ne wannan?”

“Ni ne, Yaya.”

“Kai ne? Musulunta ka yi ba ka gaya mana ba?”

Tanimu ya amsa daga kan katanga, “A'a Anti, ku riƙe kayanku, mu ma ba mu karɓa ba!”

Katanga ta fashe da dariya. Rifkatu ta matso kusa. “Kawu, shara na ce. Shara.”

Na ce mata a hankali, “Ki bari kawai. Za ki gode mini.”

Madam ta dubi yashin, ta dubi raƙumin. Ta cire tabarau ta goge ta mayar. Ta ratsa yashi ƙafarta tana nutsewa, ta kewaye raƙumin kamar motar da aka yi fakin ba daidai ba, ta je ta ɗora tafin hannu a bangon rariya.

“Ba a taɓa yi masa filasta ba?”

“Ba a taɓa ba, Madam.”

“Allah ya yi wa wanda ya ƙyale shi albarka.”

Na ce amin da ƙarfi (rashin kuɗin siminti ne ya hana ni toshe shi tuntuni, amma albarka ba a mayar da ita). Ta shiga falo. Ta tsuguna a kan tarazo, ta ƙwanƙwasa ƙofofi, ta tsaya a tsakiya ta ce a buɗe luba duka, iska ta ratso ta ramukan bulo ta fita ta baya. Ta lumshe ido. Ni kuma ina biye da ita ina ƙoƙarin juyo da hankalinta wurin da aka kashe wahala.

“Madam, kin ga yashin kuwa?”

“Na gani. Yana cikin takalmina.”

Ta fito baranda ta ɗaga kai tana bin bakin rufi da ido, sannan ta sauke ido ƙasa. Ta sake ɗagawa, ta sake saukewa.

“Ina kwatar gidan nan? Irin wannan rufin ba ya zama babu kwata.”

Na gyara rawani. “Na binne ta, Madam. Tana ɓata hoto.”

Ban rufe baki ba wata iska mai sanyi ta bugo. Na waiga wajen duwatsun Kagoro, sai na ga babu duwatsun. Baƙin hadari ya haɗiye su. Saratu tana gindin mangwaro a kujerarta, ta dube ni, ta naɗe hannu a ƙirji. Ruwan farko na shekara, wanda na ce bai yi kusa ba, ya zaɓi ranar.

Wanda bai taɓa ganin ruwan farko a garinmu ba ba zai gane ba. Ba ya yayyafi, ba ya sallama. Kamar an kifar da tanki. Faffaɗan rufin nan ya tattara ruwan duka ya zubo shi ta baki, daidai inda kwata ya kamata ta karɓa. Ruwa ya sauko ya tarar babu kowa a gida. Ya tsaya, ya taru, ya kwaɓe da yashi ya zama kunu. Kyaranata suka fara faɗuwa ɗaya bayan ɗaya suna iyo. Kafin ka ce me, kunun nan ya haye baranda ya miƙe falo, a kan tarazon da Madam ta gama shafawa.

Sai aka yi tsawa.

Raƙumi ya yi wani kuka da ban taɓa jin irinsa ba, ya miƙe zumbur, ya ja da baya. Igiya ta miƙe tsam. Na ga ƙura tana zubowa daga tsakanin bulo.

Rifkatu ta ƙwalla ihu, “Bangon! Kawu, bangon!”

Na ruga. Ƙullin ya jiƙe, na sa haƙori, na sa farce, da ƙyar ya kwance. Igiya ta zare daga ramin fit, bango ya tsira. Abin da ban lura ba shi ne ta naɗe mini wuyan hannu. Raƙumi ya ji shi a sake, ya ce ƙafa me na ci ban ba ki ba, ni kuma na bi shi a kan cikina.

Jama'a, na ratsa Sahara daga gabas zuwa yamma a kwance. Na bi ta kan duwatsun da na jera da hannuna. Na bi ta kan kyarana, tana karyewa tana shafa mini nono a wuya da ƙirji, na kuwa kira sunan uwata kamar yadda tsohon Kagoro ya faɗa, har da na kakata. Rawani ya warware yana bin mu a baya kamar wutsiya. A wani wuri cikin tafiyar na ji zariyata ta ce ɗas. Raƙumi ya zagaya mangwaro, ya sake zagayawa, igiya ta naɗe a gindin, ya tsaya yana huci. Saratu ko motsi ba ta yi ba, ƙafa kawai ta ɗaga na wuce ta ƙarƙashi.

Na miƙe. Ina miƙewa na ji iska a inda bai kamata ba. Wandona yana can tsakiyar fili, ya yi sujada shi kaɗai a cikin taɓo. Kaftani ya naɗe ya haye har hammata. Abin da ya rage mini shi ne wani tsohon gajeren wando ja mai huji a baya. Kuma babu wanda ya gudu daga katangar nan, duk da ruwan. Wa zai gudu? Wata daga cikin matan zumunta ta nuna ni tana ihu, “Fuskar shi! Ku ga fuskar shi!” Na shafa, na duba hannu. Shuɗi. Ashe rinin rawanin Buzu ba ya shiri da ruwa. Daga goshi har wuya na koma kamar wanda aka tsoma a karofi, farin kaftani ya yi zane-zane.

A haka na tsaya, shuɗi a sama, ja a ƙasa, ƙaiƙayi a tsakiya, ina fuskantar matar da kwanciyata a gidan ubana take hannunta.

Amma ba ni take kallo ba. Yaya Ladi take kallo. Yayata, mai bulo da siminti, ta yar da takalmi, ɗaurin kai ya faɗi, ta fizgi shebur ɗina tana tonon kwata cikin farin leshi, tana kururuwa:

“Falon Baba! Ruwa a falon Baba! Kuna tsaye kuna kallon mahaukaci, ku zo ku tona!”

Tanimu ya diro daga katanga. Saratu ta tashi ta ɗauko kwano. Matan zumunta suka shigo da fartanya da murfin tukunya, Rifkatu da hannu, Madam ma ta karɓi faranti tana kwasa. Ni ma na zo zan taimaka, Yaya Ladi ta ɗaga shebur ta ce in na matso sai ta binne ni a inda na binne kwatar. Na koma na tsinci wandona na riƙe a hannu.

Da suka buɗe kusurwar da kwata take fita waje, sai muka ji wani zuuu. Ruwan nan duka ya juya ya bi hanyarsa kamar an kira shi da suna. Falo ya tsane, sai yashi kwance a kan tarazo. Madam ta tsaya cikin ruwa tana kallon yadda yake gudu, tana murmushi kamar ta ga jikanta.

Da aka ɗauke ruwan, muka zauna a baranda kowa yana ɗiga. An ba ni zanin Saratu na ɗaura. Madam ta zazzage takalminta, ta dube ni, ta yi ƙoƙari ta riƙe fuska, ta kasa. Ashe Rifkatu ta riga ta raɗa mata zancen hotunan. Sai da Madam ta yi dariya har ta share hawaye sannan ta yi magana.

“Baba, waɗancan na hoto rana aka gina su su tare. Wannan gidan kuwa, ruwa aka gina shi ya tare. Wanda ya zana shi ya san inda yake.”

Na ce, “To.” Me zan ce?

Yaya Ladi tana haki, leshi ya zama ruwan ƙasa. Ba wanda ya tambaye ta, ta ce, “Ba mai rushe gidan nan. Ko Madam ta karɓa ko ba ta karɓa ba. Rifkatu, in mai shaguna ya kira, ki ce na mutu.”

Madam ta ce ai ta karɓa tun da ta taɓa bangon. Ta ce kuma ta ga mai gadin da take so, mutumin da zai riƙe igiyar raƙumi a ja shi a ƙasa bai saki ba don kada a ɓata gida. (Na buɗe baki zan ce igiyar ce ta riƙe ni, Saratu ta taka mini ƙafa.) Sai dai da sharaɗi. Yashi, ni zan kwashe shi da baro, ni kaɗai. Tsakar gida kuma ta Saratu ce, ta mayar da lambunta, baƙi za su ci daga ciki. Ni aikina makulli da get, ban da tunani.

Buzu ya dawo ya tarar da raƙuminsa yana cin ganyen mangwaro. Ya ɗaga rawaninsa daga taɓo, ya dube shi ya koɗe, ya dubi fuskata. Ya ce, “Rinin nan daga nesa na sayo shi. Yanzu yana wurinka.” Ya yi gaskiya. Na wanke da sabulu, na wanke da toka, na goga lemun tsami, shuɗin nan ya ce yana nan. Haka na je coci washegari. Fasto ya hau bagade, ya hango ni, ya sunkuyar da kai ya daɗe yana duba Littafi. Yara kuwa ba su ɓata lokaci ba, tun a bakin ƙofa suka raɗa mini Buzun Kafanchan, kuma sunan ya fi rinin daɗewa.

Yanzu an gyara gidan. Ba su ƙara masa komai ba, sun dai cire yoyo, sun goge, sun mayar da fentinsa na farko. Mutane suna zuwa daga Abuja da manyan motoci su tsaya suna ɗaukar ramukan bulo hoto, ni ina buɗe musu get ina cewa sannunku da zuwa. Har yau ban ga abin da suke gani ba. Amma a ɗakin baya nake kwana, a gidan ubana, ba na bin layin bayi da kowa.

Abin da na koya bai da yawa. In mai ilimi ya nuna maka hoto ya ce duba, ka tambaye shi wane wuri za ka duba kafin ka kira mai tifa. In kuma ka ji wayo ya taso maka har kana rawa kai kaɗai, to ka samu wuri ka zauna har ya wuce. In ya ƙi wucewa, aƙalla ka sayi zariya mai ƙwari.